Contextualiser: da Hausa yaya za mu ce?

Duk wanda ya taɓa zaman fada da ƴan jami'a ya san kalmar nan. Gardama na yin zafi, sai wani ya ajiye kofin shayi ya ce "il faut contextualiser". Rabin fadar sai ta yi tsit, ba don an yarda ba, don dai Faransanci ya rufe wa mutane baki.

To, tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Ya kamata mu iya faɗin abin nan da bakinmu. Ni dai "mayar da magana gurbinta" nake cewa: wa ya faɗe ta, yaushe, a ina, me ya gabace ta, me ya biyo baya.

Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamin tafsiri da azumi yakan faɗi sababin saukar aya kafin ya fassara ta. Inna ma ta san kuɗin tiyar hatsi cikin Agusta, rumbu ba komai, ba ɗaya yake da na Nuwamba bayan girbi ba. In ka haɗa su ka ce kaya sun yi sauƙi, dariya za ta yi maka.

Waya ce ke raba mu da wannan hankali. A 2020 ruwa ya ci unguwannin bakin kogi a Yamai. A Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram. Hotunan gaskiya ne. Amma in aka turo maka su yau a WhatsApp, ba kwanan wata, an rubuta "yanzu-yanzu", sun koma ƙarya, kai kuma da ka tura gaba ka zama ɗan aikenta. Haka bidiyon sakan 30 da aka yanko daga jawabin awa guda.

Sai dai akwai masu fakewa da kalmar, kuma su suka fi ba ni haushi. Ka tambayi mai muƙami me ya sa famfon unguwa ya yi wata uku ba ruwa, ya ce a duba yanayin da ake ciki, ya miƙe. Me ya ƙara maka? Wanda ya mayar da magana gurbinta da gaske, kana tashi gabansa ka san abin da ba ka sani ba ɗazu: yaushe injin ya lalace, nawa aka ware don gyara, a hannun wa takardar ta tsaya. In ya ce maka yanayi, ka ce masa wanne, ranka ya daɗe? Ka gyara zama ka jira amsa.