Ɗan boko ya komo gida, adda ta same shi

A shekarar 1992 aka fito da wani fim a harshen Tamil na kudancin Indiya mai suna Thevar Magan, ma'ana ɗan Thevar. Kamal Haasan ne ɗan, Sivaji Ganesan ne uban. A 1997 aka sake shi da harshen Hindi da sunan Virasat, Anil Kapoor da Amrish Puri suka fito a ciki. Na sake kallonsa kwanan baya, kuma tun daga farko har ƙarshe Damargu nake gani.

Ga labarin. Ɗan maigari ya gama karatu a Landan, ya komo da niyyar buɗe gidajen abinci a birni. Sai ya tarar da tsohuwar gaba tsakanin ubansa da gidan baffansa. An fasa kwaɗon ɗakin ibada, an sare hannun bara, an fasa madatsar ruwa ta ci mutane. Aka ci mutuncin tsohon a gaban taron gari, baƙin ciki ya kashe shi. Daga nan abokan gaba suka ja shinge suka toshe hanya. Ɗan bokon da ya yi ta kiran a bar zubar da jini, shi ne a ƙarshe ya fille kan ɗan baffansa, ya miƙa kansa ga hukuma yana roƙon jama'a su sa ƴaƴansu makaranta.

Ruwa, hanya, shinge. Wane mutumin Tanut ko Belbeji ne bai san waɗannan ba? Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da haye ta, burtali yana ta ƙuntata, bakin rijiya ya zama wurin zare takobi. Ba mu manta da Toda ba, a jahar Maraɗi, inda aka hallaka Fulani fiye da 100 a watan Oktoba na 1991, alhali babban taron ƙasa yana zaune a Yamai.

Abin da ya fi damuna a fim ɗin shi ne babu alƙali. Hukuma ba ta da ta cewa sai bayan jini ya zuba. A irin wannan gari, takardar shaidar Landan ba ta hana mutum ɗaukar adda. Mu ma ma'aikata mun san haka: a biro muna maganar doka da Faransanci, idan muka je gida hutu sai mu zama lauyoyin danginmu. Ƴan kasuwa kuwa, wasunsu da ke kuka da makiyaya su ne masu garken da ya yi ɓarnar.

A can Indiya an zargi fim ɗin da kambama ƙabilar Thevar, kuma matasa da yawa sun riƙe addar sun bar wa'azin. Ina ganin zargin da gaskiya a cikinsa. Mai kallo ba ya tafi sai an sare wani.

Mu dai muna da abin da ƙauyen fim ɗin ya rasa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali da mashaya. Sai hukumomin Tanut da Belbeji su faɗa mana ƙauyuka nawa ne kwamitinsu ke da rajista, da kuɗin man da zai kai shi wurin rigima kafin a sako dabbobi bayan girbi.