Sankarar Mama: Saƙon Bai Kai Ga Maigida Ba

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, akan ga ƙyallaye masu ruwan hoda a ƙirazan ma'aikata, a yi tattaki a tituna, gidajen rediyo kuma su cika da kira ga mata su riƙa duba nononsu. Kiran yana da kyau, kuma ya yi amfani. Sai dai kusan dukkansa mace ake yi wa, alhali a yawancin gidajen Hausa matar da ta ji ƙullutu a nononta ba ita kaɗai ke yanke shawarar abin da zai biyo baya ba. Izinin fita da kuɗin mota da na gwaji, har da amincewa a yi tiyata, duk sukan bi ta hannun miji ko uba ko yaya. Muddin wayar da kai ba ta kai ga waɗannan mazaje ba, rabin aikin aka yi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ta kuma yi ajalin kimanin 670,000. A Najeriya ita ce kan gaba cikin cututtukan daji da ke kama mata, inda ake samun sababbin masu ita fiye da 30,000 a shekara, masu rasuwa kuma kusan rabin wannan adadi. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gano suna da ita suna nan a raye bayan shekara biyar. Babban abin da ya raba su da Najeriya shi ne lokacin zuwa asibiti da kuma kammala magani, domin a nan mafi yawan marasa lafiyar sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu ake ganin su.

A 2021 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri mai buri uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan aƙalla kashi 80 su kai ƙarshen magani. A ƙasar Hausa kowane ɗaya cikin ukun a cikin gida ake fara cin nasararsa ko a faɗi.

Buri na farko yana karo da kunya da kuma rashin zafi. Ƙullutun sankara yawanci ba ya ciwo a farkonsa, abin da ba ya ciwo kuwa ba a cika kashe masa kuɗi ba. Mai shayarwa kan ɗauka kumburin nono ne da aka saba gani. Idan abin ya yi nisa, sai dangi su kawo tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wato da an taɓa shi da allura ko wuƙa zai bazu. Wannan magana tana da inda ta samo asali: ana kai mace asibiti bayan cutar ta riga ta kai huhu ko ƙashi, a yi mata aiki, ta rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin da jinkiri ya yi. Labarin kuma sai ya hana ta gaba zuwa da wuri. Gaskiyar ita ce yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne, kuma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa. Ƙullutu a nono ko hammata, shigewar kan nono ciki, fitar jini daga gare shi, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo, kowanne dalili ne na ganin likita a makon, kuma miji na cikin waɗanda za su fara lura.

Buri na biyu da na uku sun fi nauyi. Tabbatar da cutar na buƙatar hoto, da ɗebo 'yar tsoka a kai ɗakin gwaji. Maganin kuma doguwar tafiya ce: tiyata, da allurar kemo da akan yi sau shida zuwa takwas, mako uku-uku tsakani, sai gashi da na'ura a kowace ranar aiki na tsawon makonni, wasu kuma su sha ƙwayar tamoxifen shekara biyar ko fiye. Cibiyoyin gashi ƙalilan ne, irin na Zariya da Sakkwato da Gombe da Abuja, don haka matar da ta fito daga Haɗeja ko Azare tana buƙatar masauki da mai jinya da wanda zai riƙe mata yara. Ba mai iya wannan ita kaɗai.

Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa a gaban likita ba. Mace takan ƙi yarda a cire mata nono don tana fargabar miji zai juya mata baya, ko ya sake ta, ko ta zama abin zunɗe a wurin kishiya da dangin miji. A lissafinta, ana neman ta zaɓa tsakanin ranta da aurenta. Babu tallar rediyon da za ta cire mata wannan tsoro kamar maigidanta ya faɗa mata da bakinsa cewa yana tare da ita.

Za a iya cewa ɗora nauyin a kan mazaje rashin adalci ne, tunda talauci da raunin asibitoci su ne ainihin matsalar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kuɗin magani ya fi ƙarfin yawancin magidanta, kuma Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, da dokar inshorar lafiya ta 2022, ba su kai ga yawancin mabuƙata ba. Wajibi ne a ci gaba da matsa wa hukuma. Amma cutar da aka tara da wuri ta fi sauƙin magani da sauƙin kuɗi, kuma al'ummar da ta iya haɗa gudummawar biki da kayan ɗaki ta hanyar adashi da zumunci ba za ta rasa dabarar haɗa kuɗin gwaji ba.

Saboda haka ya kamata saƙon ya shiga inda maza suke zama: huɗubar Juma'a, majalisar ƙofar gida, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata. Limamin da ya bayyana cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma lalura tana halatta likita ya duba mara lafiya, ya sauke wa mata da yawa nauyi. Hukumomin zakka ma suna da gurbi a nan.

Ɗan boko da ake bugo wa waya daga ƙauye idan an shiga wani hali shi ma yana da aikin da ya wuce turo kuɗin mota. Zai iya sama wa 'yar'uwarsa ranar ganin likita, ya adana takardun gwaji wuri guda, ya raba kwanakin jinya tsakanin dangi don kada gajiya ta kayar da mutum ɗaya, ya kuma zauna da mijin ya yi masa bayani. Idan cutar ta wuce warkewa, har yanzu akwai magungunan rage zafi da kula da gyambo, kuma haƙƙin mara lafiya ne a nema mata su.

Hausawa kan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma mata sun daɗe suna riƙe da junansu a kan wannan cuta. Abin da ya rage shi ne masu riƙe da izini da aljihu su shigo tun ranar da aka fara jin ƙullutun.