Ra'ayinmu: Sankarar Ƙwan Mace a Sudan

Cikin cututtukan daji da suka fi damun matan Sudan, in an cire sankarar nono, akwai sankarar ƙwan mace, watau dajin da ke tsirowa a gaɓar da ke samar da ƙwan haihuwa. Wannan magana ta shafe mu, domin kuwa tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa Hausawa suka zauna a Jazira da Mai Wurno, suka hayayyafa.

Likitoci sun kasa dalilanta gida biyu. Na farko shi ne gado. A 1994 da 1995 masana suka gano ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aikinsu shi ne gyara ɓarnar da kan auku cikin ƙwayoyin jiki. Idan mace ta gaji ɗayansu da lahani, gyaran sai ya raunana. A cikin mata ɗari, ɗaya ko biyu ne kan kamu da cutar a tsawon rayuwa, amma cikin masu lahanin BRCA1 adadin yakan kai kimanin 40. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne uba ma yana gadar wa 'yarsa wannan lahani, ko da shi kansa lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ciwon da ya kashe gwaggo abin lura ne kamar wanda ya kashe inna.

Kashi na biyu bai shafi jini ba. Haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, musamman bayan ɗaukewar al'ada, haka kuma ga wadda ba ta taɓa haihuwa ba da mai ƙiba ƙwarai. Haihuwa da shayarwa da ƙwayoyin tsarin iyali kuwa suna rage shi. To, amma kada wani ya mai da wannan abin gori ga matar da ba ta samu haihuwa ba. Mai 'ya'ya goma ma tana iya kamuwa.

Mugun halin cutar shi ne sanɗa. Alamunta su ne kumburin ciki, da saurin ƙoshi, da ciwon mara, da yawan fitsari, abubuwan da akan ɗauka ɓacin ciki ne, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Shekaru da yawa matan Sudan sun dogara ne ga asibitin daji na Khartoum da na Jami'ar Jazira a Wad Madani, wasu daga nisan kwanaki. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya tarwatsa aikin duka biyun, ya bar marasa lafiya a tsakiyar magani.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kunyar da ke hana matar Jazira faɗin ciwon mara ita ce ke hana iyayenmu. Mu da aka kashe wa kuɗi muka yi karatu, hutun nan mu zauna da tsofaffin gida, mu tambayi abin da ya yi ajalin matan danginmu ta wajen uwa da uba. Idan sankarar nono ko ta ƙwai ta maimaitu, a sanar da likita. Wadda kuma cikinta ya yi makonni yana kumbura, mu kama hannunta zuwa asibiti, kada a jira kaka.