GAGGAWA A WUƘA TA KE, BA A WUTA BA

Babu magidancin da bai taɓa shiga wannan hali ba. An idar da sallar la'asar, mutum ya komo daga gona ko kasuwa ko ofis, sai ga sallama a ƙofar gida. Ko suruki ne, ko abokin ciniki daga nesa, ko wani dattijo wanda ba a sallamarsa da ruwa da goro kaɗai. Kasuwar ƙauye sai jibi za ta ci, mahauci ya tashi tun azahar, miyar cikin gida kuwa ta kuka ce, ba ko tsoka ɗaya. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. To, tsakanin la'asar da isha'i akwai wajen sa'a uku, a cikinsu ne mai gida zai fita kunya ko ya sha ta.

Sa'a uku sun isa a yanka, a gyara, a gasa nama da ƙanshin hayaƙi, har baƙo ya ci ya sa albarka. Amma mutane da yawa su kan ɓata abin da hannunsu, domin sun ɗauka babbar wuta ita ce sauri. Su kan hura wuta har ta yi harshe, su ɗora kaza sukutum, waje ya ƙone ƙurmus, ciki kuwa jini. Sauri ya haifi nawa ke nan. Wanda ke son nama ya nuna da wuri, wuƙarsa zai wasa, wutar kuwa ya bar ta ta kwanta.

Banda Iri Biyu Ce

Ya kamata a fara rarrabewa. Akwai banda ta dogon lokaci, akwai ta ci yanzu. Akawuna da 'yan kasuwa da yawa sun ga yadda mutanen Amurka ke gashin hayaƙi, musamman a jihar Tekzas. Can su kan ɗauki ƙirjin sa guda, su sa shi cikin tanda mai murfi, zafinta wajen digiri 110, su bar shi sa'a 12 ko fiye. Dalili kuwa ƙirji nama ne mai jijiya, jijiya ba ta narkewa sai da zafi kaɗan da lokaci mai tsawo. Wannan aiki ne na wanda ya san da zuwan baƙinsa tun jiya. Haka nan bandar kifi irin ta Baga da sauran bakin Tafkin Chadi, wadda a ke kai wa har kasuwannin kudu, ita ma ba ta yiwuwa da yamma ɗaya, gama nufinta a tsotse ruwan jikin kifi don ya daɗe bai lalace ba.

Ta ci yanzu kuwa ita ce wadda masu tsire da balangu suka daɗe da ƙwarewa a kanta. Duk wanda ya tsaya bakin tukuba ya lura zai ga abu biyu. Na farko, mai tsire ya kan yanyana nama ya yi falle-falle. Na biyu, ba ya ɗora tsinke bisa harshen wuta, kewaye ya ke kafa su, zafi da hayaƙi su na dukansu daga gefe. Ilmin duka ke nan, sauran bayani ne.

Abin Da Za A Yanka

Manomi ya fi kowa sa'a a nan, domin kasuwarsa na yawo a tsakar gidansa. Amma ba kowace kaza ce ta gashi ba. Wanda ya kama kaza mai ƙwai ya yanka don baƙo ya ci jarinsa. Tsohuwar kaza da tsohon zakara kuma namansu tauri gare shi, sai tukunya. Abin gashi shi ne ɗan zakara mai wata huɗu ko biyar. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma, saboda haka sauran zakarun da aka ƙyanƙyashe ba su da aiki sai cin hatsi da faɗa. Mai hankali ya kan ware su tun su na ƙanana, ya ce waɗannan na baƙi ne.

Zabo ma ya yi, sai dai ba shi da kitse, dole a riƙa shafa masa man gyaɗa, in ba haka ba ya bushe kamar itace. 'Yan shila sun fi kowa saurin nuna. Wanda ke kusa da kogi ko dam kuwa, karfasa da tarwaɗa sun wadatar.

Akwai gargaɗi ɗaya wanda ba wasa a cikinsa. Kada gaggawa ta sa a zaɓi kazar da ta ke rurrufe ido, ta saki fukafukai, a ce gara a yanka ta kafin ta mutu. Tun shekarar 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a jihar Kaduna, kuma mai fige tsuntsu marar lafiya shi ne ya fi kusa da haɗari. Haka kuma kazar da a ke ba magani, sai an cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tukuna a ci namanta. Ba a karrama baƙo da abin da mai gida ke neman rabuwa da shi.

Aikin Wuƙa

Da an yanke shawara, sai a fara hura wuta, sa'an nan a kama kaza. Itace ya kan ɗauki wajen rabin sa'a ko fiye kafin ya zama garwashi, gawayi kuwa wajen minti 20. Wannan lokacin ya isa a yanka, a fige, a gyara.

Kaza ba a ɗora ta a dunƙule. A tsaga ta ta baya, a buɗe ta, a danna ƙirjin har ta baje kamar faifai, sa'an nan a tsattsaga cinyoyi har kusa da ƙashi. Kazar da aka yi wa haka ta kan nuna cikin minti 45 zuwa sa'a guda, alhali dunƙulalliya sai ta kai kusan ninkin wannan a wuta iri ɗaya. 'Yan shila haka a ke buɗe su, rabin sa'a ya ishe su. Kifi a cire kayan ciki, a wanke, a yi masa tsaga uku ko huɗu a kowane gefe, minti 20 zuwa 30 ya nuna. In tsokar sa ko ta rago aka samu, a yanyana ta kada kaurinta ya wuce na ɗan yatsa, a yanka ta a gicciye, ba bin tsawon zaren nama ba, cikin kwata na sa'a an gama. Ƙirji da ƙauri da wuya kuwa a miƙa wa uwargida, na tukunya ne.

Kayan shafi duk su na cikin gida: gishiri, citta, tafarnuwa, barkono, masoro, ɗan kanumfari, da man gyaɗa. A shafe naman da su a ajiye har wuta ta kwanta. Garin ƙuli-ƙuli ya kan ƙone da wuri. A kan tsire ba laifi tun farko, domin ba ya daɗewa a wuta, amma a kan kaza sai ta kusa nuna a barbaɗa.

Wuta Da Hayaƙi

In garwashi ya yi ja, toka ta fara rufe shi, a tattara shi gefe guda na murhu ko kurfoti. A ɗora ragar waya taƙi guda bisa, a sa naman a gefen da ba garwashi ƙarƙashinsa. Sa'an nan a jefa abin hayaƙi cikin garwashin, tafi ɗaya ko biyu, a kife naman da kasko ko tsohon daro marar fenti, a bar 'yar kafa don iska. Murfin nan shi ne ke mai da murhu tanda, ya tsare zafi, ya tilasta wa hayaƙi ya bi ta kan nama. Nama ya fi kama hayaƙi da farko, tun ya na da danshi, saboda haka tun farkon a ke sa shi. In ya kusa nuna, a ɗauke murfi, a matso da shi bisa garwashi minti biyar don fata ta yi ja.

Abin hayaƙi ba sai an saya ba. Totuwar masara busasshiya ta na da kyau ƙwarai, ga ta kuwa zube a kowane gida bayan kaka. Akwai ɓawon gyaɗa, da buntun shinkafa, da busassun rassan mangwaro ko gwaiba. Garwashi kuwa na ƙirya da marke da tsamiya ya fi daɗewa, amma reshen da ya bushe ya isa, ba a sare itace mai rai don kaza ɗaya. Hayaƙin kirki siriri ne, da ƙyar a ke ganinsa. Wanda ya turnuƙe baƙi ƙirin ɗaci ya ke sa wa nama.

Akwai abubuwan da ba su kusantar wutar abinci ko kaɗan. Tumfafiya da tinya da bini-da-zugu masu guba ne. Katako mai fenti, da leda, da roba, da tsohuwar taya, da buhun taki, duk hayaƙinsu dafi ne. Kananzir da fetur su kan sa wuta ta tashi nan da nan, amma warinsu ba ya barin nama. Gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba ta zama tanda, ko an wanke ta sau goma. Kuma dalilin da ya sa a ke kau da nama daga kan garwashi ba ƙonewa kaɗai ba ne. In kitse ya ɗiga a wuta, hayaƙin da ke tashi ya na ɗauke da wani sinadari da a ke kira benzopirin, wanda masana suka tabbatar ya na jawo ciwon daji. A ƙarshe, kome sanyin hunturu, kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da ke fita daga gawayi ba ta da wari, ta kan kashe mutum ya na barci.

Yadda A Ke Gane Ya Nuna

Hayaƙi ya kan yi wa nama launi tun bai nuna ba, shi ya sa ido ke ruɗin mutane. Likitoci sun ce cikin kaza sai ya kai digiri 74 kafin ƙwayoyin cuta irin su salmonela su mutu. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka wuƙa a gaɓar cinya. In ruwan da ya fito garai ya ke, ba jini kusa da ƙashi, gaɓar kuma ta saki, to, ta yi. Ɗan jan da a ke gani dab da fata aikin hayaƙi ne, ba ɗanyantaka ba. Kifi kuwa in tsokarsa ta yi fari, ta rabu da ƙaya ba gardama, a sauke.

Tiren da aka ɗora ɗanyen nama a kai, da wuƙar da aka gyara shi da ita, ba su taɓa gasasshe sai an wanke su da sabulu. Albasa da tumatir ma da wuƙa mai tsabta a ke yanka su. Abin da ya rage kuma kada a ce ai banda ce, a rataye. Gashin sa'a guda bai busar da kome ba. In ba firji, a cinye a daren, ko a jefa shi cikin miya a tafasa sosai.

Masu Cewa A Saya

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala, ga mai tsire a bakin titi? Gaskiya ne, a birni wannan hanya ce, ba kuwa abin kunya ba ce, muddin an ga an mai da naman wuta ya yi zafi sosai, ba a kuma naɗe shi cikin takardar siminti ko jarida ba. Jarida ta karatu ce, tawadarta ba ta ci ba ce. Amma a ƙauye mai tsire sai ran kasuwa, kuma kuɗin da zai ƙosar da mutum uku a bakin tukuba sau da yawa bashi ne a ke ciwowa. Ɗan zakara kuwa da tsintar tsakar gida ya girma.

Wani kuma zai ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, baƙo ya ci abin da ya tarar. Wannan ma gaskiya ne, babu wanda aka ɗora wa abin da ba shi da iko. Sai dai mai kaji ashirin a gida ba zai fake da wannan karin magana ba.

Tanadi Ya Fi Kome Sauri

Duk da haka, gidan da ya fi saurin fita kunya shi ne wanda ya yi banda tun baƙo bai zo ba. Lokacin layya, da lokacin da ruwa ya ja baya kifi ya yi araha, a kan sami abin da ya fi ƙarfin ci. In an ƙyafe shi sannu a hankali har ya bushe sarai, an riƙa mai da shi bisa hayaƙi lokaci lokaci, sai ya yi makonni. Ran da aka yi sallama, jiƙa shi kawai za a yi a jefa a miya. A ƙasar Gana, a shekarar 1969, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken abinci ta ƙasar sun haɗa kai da matan Chorkor, wata unguwar masunta a Ankara, suka fito da tandar laka wadda a ke jera ragogin waya masu katako a kanta, ɗaya bisa ɗaya. Itace kaɗan ta ke ci, kifi da yawa ta ke ɗauka. Duk manomin da ya iya gina rumbu zai iya gina ƙaramarta a bayan ɗaki. Abin da ya rage shi ne tsaro: in ƙwari sun kama banda, wuta da rana ne maganinsu. Mai fesa wa abinci maganin ƙwari na gona, guba ya ke ajiye wa iyalinsa.

Saboda haka abin da a ke bukata bai taka kara ya karya ba: wuƙa mai kaifi, ragar waya, kasko, buhun totuwa a inda ruwa ba ya taɓawa, gwangwanin yaji, da 'yan zakaru biyu uku a akurki. Wanda ya tanadi waɗannan, in ya ji sallama bayan la'asar, da fara'a zai amsa. Allah ya ba da ikon karrama baƙo, ya sa albarka cikin abin da a ke kiwo, amin.