Ɗan Lifida Ba Ya Tsere: Lamba Ta Bi Labari Wajen Ƙirƙirar Jarumi

Duk mai buga gem a waya ya saba zaɓen jarumi: mai takobi, mai baka ko mai siddabaru. Wannan tsari ya yi ƙarfi ne daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ba ya cin data: takarda ce, da biro, da ɗan ludo mai fuska 20. Mutum ɗaya na jan labari, sauran kowa da jaruminsa.

Kowane jarumi abu biyu ne: labarinsa da lambobinsa, wato ƙarfi, gudu da kariya. A ganina, labari ne ya kamata ya haifi lamba, sannan kowace baiwa ta zo da farashinta.

Dubi 'yan lifida da muke gani a hawan Sallah a Zazzau. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga, doki da mahayi duk suna sanye da ita. Tana tare kibiya, amma ga nauyi, ga zafi, kuma wuta na kama ta. To ga lissafi ya fito da kansa: kariya 18 cikin 20, gudu rabin na kowa, raunin wuta ninki biyu. Ɗan baka kuwa yana harbi daga kan ganuwa, amma idan aka cim masa, ya shiga uku. Ka sa su tsaron Ƙofar Doka tare, dole kowa ya nemi ɗan'uwansa.

Wasu za su ce lissafi na kashe daɗin labari. Amma gwada ɗan tauri da ƙarfe ba ya ci ko kaɗan: cikin minti 10 sauran abokai sun koma kallon wayoyinsu, domin babu abin da ya rage musu. Ka ba shi taurin sau 3 a rana, ko ka bar sanda ta yi aiki a kansa, sai wasa ya dawo da rai. Mai rubuta manhaja ya san haka: doka marar iyaka ita ke rusa shiri.

Jaruman Turai sun cika mana waya, alhali garin Sarauniya Amina bai rasa nasa ba. Ka sauke manhajar jefa ludo, ka tara abokai 4 a zaure, ka rubuta raunin jaruminka kafin ƙarfinsa.