Kada a yi gaggawar zubar da tsofaffin na'urorin ofisoshinmu

Ranar 14 ga watan oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Windows ita ce uwar manhaja, wato wadda ke tada ordinatar, ta adana takardu, ta kuma ba sauran manhajoji wurin zama. Na'urar ba za ta mutu ba, amma an daina toshe mata kafofin da ɓarayi ke shigowa, sai fa ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa ba kowace na'ura take hawa ba. Yawancin waɗanda aka ƙera kafin 2017 ba ta karɓar su.

To, wanda ya san ofisoshin birnin Tawa, da na magadan gari irin su Barmu da Affala da Kalfu, ya san irin na'urorin da ke cikinsu: wata kwance aka sayo ta, wata kuwa wani tsarin taimako ne ya ƙare ya bar ta. Shin zubar da su za a yi, a jira kasafin kuɗi? Ra'ayina shi ne a'a, sai an gwada Linux tukuna.

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara Linux a 1991. Ba a sayen ta, kuma kowa na da izinin kwafa, da dubawa, da gyarawa. Saboda haka ta haifi iri-iri, kamar gero da ke da iri na tudu da na fadama. Da yake ba a cinikin biri a sama, da na zo hutu Tawa sai na ɗauki wata tsohuwar na'urata mai jiga 4 na ƙwaƙwalwa, na zuba iri uku cikin kile uku. Ana iya tada kowace daga kile, a yi aiki da ita, a zare, ba tare da an taɓa takardun da ke ciki ba.

Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, ita ce mafi suna, amma ta yi wa tsohuwar nauyi, kamar an aza wa jaki kayan raƙumi. Saukar da ta 2024 daga intanet kuma yana cin wajen jiga 6, wanda kuwa ke sayen intanet da kuɗin aljihunsa ya san abin da nake nufi. Lubuntu, ƙanwarta, ta tashi da sauri, sai dai ba ta da ado. Ita ta dace da na'urar da ta tsufa ƙwarai. Linux Mint, wadda wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006, ita na fi yarda da ita. Nauyinta wajen jiga 3 ne, fuskarta ta yi kusa da ta Windows, tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, kuma an yi alkawarin kula da ta 22 har 2029. Wata ƙanwata mai aikin sakatariya ta zauna gabanta, ba a yi sallar la'asar ba sai da ta buga wasiƙa.

Kada in ɓoye aibi. Wata takarda mai jadawali da aka aiko mini daga Word ta buɗe a karkace, sai da na gyara ta da hannu. Injin buga takarda na wani ofishi kuma ya ƙi amsawa sam. Ofishin da ke da manhajar kuɗi ko ta rajistar haihuwa wadda aka gina domin Windows kaɗai, kada ya taɓa kome sai ya tambayi masana.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na mai fassara, shi ne haruffa. Tun 1999 gwamnati ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa, a cikinta akwai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A watan maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Duk da haka, nawa ne daga cikin sakatarorinmu ke iya buga waɗannan haruffa huɗu? Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya koyi bambanta ƙasa da kasa, da ɓata da bata, sai ya tarar da sanarwar hukuma ta haɗe masa su. Cikin Linux na iske jerin maɓallan Hausa na Najeriya da na Gana, amma bisa tsarin Ingilishi suke, alhali na'urorinmu tsarin Faransanci gare su. Mali da Togo da Kamaru na da nasu. Na nemi sunan Nijar ban gani ba. Ga shi kuwa jerin nan ba wani sirri ba ne: ɗan gajeren rubutu ne da kowa ke da izinin gyarawa, ya aika a saka shi domin duniya duka.

Masu cewa abin kyauta ba na manyan ma'aikatu ba ne, sai su dubi jandarmomin Faransa, waɗanda tun 2008 suka fara mai da dubban na'urorinsu kan Ubuntu. Sai dai su shekaru suka yi suna horar da mutanensu, ba rana ɗaya suka yi ba.

Don haka ina roƙon shugabannin ma'aikatu na jihar Tawa da kowane ya ware na'ura ɗaya daga waɗanda aka jingine, a gwada ta wata guda da aikin yau da kullum, da injin bugawa, da takardun Yamai. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani su ɗauki aikin jerin maɓallan Nijar, su haɗa har da haruffan Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Makarantar horon malamai ta Kawsen kuma ta fara gwada shi ga malamai masu fita, tun da su ne za su tafi da shi Keita da Tamaske.