Waƙoƙin Manya a Bakin Yara Ƙanana

A cikin ƴan shekarun nan wata magana ta yawaita a bakin iyaye da malaman lakol da limamai, tun daga Damagaram da Maraɗi har Tawa da Yamai. Maganar kuwa ita ce ta waƙoƙin zamani waɗanda aka tsara domin baligai, amma suka faɗa bakin yara ƙanana. Yarinya mai shekara 5 ko 6, wadda ko baƙaƙe ba ta gama sani ba, sai a ji ta tana rera waƙar sha'awa ko ta zagin kishiya tun daga farko har ƙarshe, tana karya ƙugu kamar yadda ta gani a salula. Waɗansu manya su yi dariya, waɗansu su ɓata rai. Tambayar da ke gaban jama'a ita ce: shin irin waɗannan waƙoƙi sun dace da kunnen yaro? In kuwa ba su dace ba, alhakin tsare shi bisa wuyan wa yake?

Batun ba ƙarami ba ne ga ƙasa kamar Nijar. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma wajen rabinsu yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka duk abin da ya shiga kunnen yara, kunnen rabin ƙasa ya shiga.

Da can waƙar manya tana da shinge

Wajibi ne a fara da faɗin gaskiya: waƙa mai zancen manya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni akwai zambo da habaici, akwai waƙoƙin daka da na niƙa inda matar aure ke amayar da abin da ke cikinta game da miji da kishiya da uwar miji. Akwai kiɗan amada na mata, wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta shahara da shi, kuma kowa ya san ba ta jin nauyin kiran abu da sunansa. Ƴan kama da ƴan gambara ma bakinsu ba shi da linzami. Wanda duk ya ce mawaƙan da tsarkaka ne, na yau kaɗai ne ɓatattu, bai yi adalci ba.

Bambancin yana wani wuri dabam. A zamanin da, kowace waƙa tana da wurinta da lokacinta da masu saurarenta. Kiɗan amada na cikin gida ne, tsakanin mata, ranar buki. Kiɗan dare na samari da manya ne, bayan yara sun yi barci. Makaɗi yana ganin waɗanda ke gabansa, in ya hangi dattijo ko ƙaramin yaro sai ya karkata harshe, ya lulluɓe maganar da karin magana yadda babba zai gane, yaro kuwa ta wuce shi. In yaro ya matso inda ba wurinsa ba, kowane babba na unguwa yana da ikon kora shi gida, don ɗa na kowa ne. Su kuma yara suna da nasu rabo: gaɗa a dandali da farin wata, tashe cikin watan azumi, waƙoƙin tatsuniya a bakin kaka, da na reno a bayan uwa.

Yadda shingen ya faɗi

Kaset ne ya fara ɓalle shingen, don shi ya raba waƙa da makaɗinta, ya kai ta rumfar mai shayi da tashar mota. Daga shekarun 1990, da aka buɗe gidajen radiyo masu zaman kansu kusa da Muryar Sahel, waƙa ta ƙara yawa a cikin iska. A lokacin ne kuma finafinan Hausa na Kano da waƙoƙinsu na soyayya suka kwararo ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Daura da Matamaye, ta Ilela da Birnin Ƙonni, samarin Nijar su ma suka kafa nasu ɗakunan kiɗa. Bayan kaset sai faifan CD, bayan faifai sai ƙaramin katin da ake cusa ma salula, wanda masu tura waƙa a kasuwa ke cika shi da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, ba tare da sun tambayi wanda zai saurara ba.

Yau kuma TikTok da YouTube da WhatsApp ne ke riƙe da kasuwar. Dokar TikTok ta ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, amma ƙaramin yaro ba ya bukatar shafin kansa: salular uwarsa ko ta yayansa ta ishe shi. Sau da yawa ma uwar ce da kanta ke miƙa masa ita don ya yi shiru ta sami damar aiki. Na'ura kuwa ba ta da kunya irin ta makaɗi. Ba ta ganin dattijo, ba ta ganin yaro, abin da ya fi jan ido shi take turowa.

Me waƙar ke yi ma yaro?

Akwai masu cewa ba a bakin komai ba ne, tun da yaro bai san ma'anar abin da yake rerawa ba, kiɗan kawai yake bi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma manya da yawa na yau sun rera waƙoƙin da ba su gane ba sai bayan sun girma. Amma akwai abubuwa uku da wannan hujja ta tsallake.

Na farko, waƙar yau ba ta kunne ba ce kaɗai, da hotonta take tafe. Yaro ko bai gane kalma ba, yana gane rawa da shiga da kallon da ake yi ma mace, kuma kwaikwayo shi ne karatunsa na fari.

Na biyu, abin da aka haddace da ƙuruciya ba ya fita da sauƙi. Kalmar tana zaune a kai, ma'anarta ta tarar da ita daga baya. Yaron da ya tashi yana jin cewa mace kaya ce, namiji kuwa mai kuɗi ne kaɗai, ya sami darasi tun kafin malami ya buɗe baki. A ƙasar Amurka, wani bincike na cibiyar RAND da aka buga a 2006 ya bi matasa 1,461 masu shekara 12 zuwa 17, ya kuma gano cewa waɗanda suka fi sauraren waƙoƙin da ke wulaƙanta mace sun fi saurin faɗawa cikin harkar jima'i. Waƙoƙin da ke zancen so ba tare da wulaƙanci ba, ba a ga suna da wannan alaƙa ba. Binciken na matasa ne, kuma na wata ƙasa ne, amma ya raba abu biyu da ake yawan haɗawa: waƙar soyayya dabam, waƙar batsa da cin mutunci dabam.

Na uku, kuma shi ya fi muni, shi ne ɗaukar hoto. Babba ya sa ƙaramar yarinya rawar manya, ya ɗauke ta, ya watsa don a yi dariya. Hoton da ya shiga intanet ba ya komowa. Yana iya kai ga idon mugaye, yana kuma iya jiran yarinyar har ranar da ta zama budurwa. A nan laifin ba na mawaƙi ba ne, na mai riƙe da salula ne.

Abin da waɗansu ƙasashe suka gwada

A Amurka gardamar ta yi zafi a 1985, bayan da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, ta ji kalmomin wata waƙar Prince da ta saya ma ɗiyarta mai shekara 11. Ita da waɗansu mata suka kafa ƙungiya, har Majalisar Dattawa ta yi zaman sauraren bahasi ran 19 ga Satumba na wannan shekara. Mawaƙa irin su Frank Zappa da John Denver suka yi tsaye a kan cewa hukuma ba ta da ikon ɗaure bakin mawaƙi. Daga ƙarshe ba a hana waƙa ba, amma kamfanoni sun yarda su riƙa manna alamar gargaɗi ga iyaye a jikin faifai, alamar da ta zama iri ɗaya tun 1990. Ta yi amfani muddin ana sayen faifai a kanti, inda uba ke iya ganin ta kafin ya biya.

A maƙwabciya Najeriya hanyar hani aka bi. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma ta sha hana waƙoƙi. A 2022 hukumar tarayya mai kula da gidajen radiyo da telbijin ta hana sanya waƙar nan "Warr" ta Ado Gwanja. Gidajen radiyo suna ƙarƙashin umurni, amma salula ba ta karɓar takardar hukuma, kuma sau da yawa hanin kansa ne ke sa wanda bai ji waƙa ba ya tashi nemanta.

Faransa kuwa ta bi hanyar lokaci da alama. Tun 2004 dokar hukumar watsa labarai ta hana gidajen radiyo watsa abin da zai iya girgiza masu ƙasa da shekara 16 tsakanin ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 10 da rabi na dare. Alamomin shekaru na 10 da 12 da 16 da 18 da ke fitowa a kusurwar telbijin kuwa, masu kallon tashoshin Faransa a biranen Nijar sun san su. Wannan dabara ita ta fi kusa da hikimar kakanni: ba a kashe waƙar manya ba, an ba ta lokacinta.

Inda gyara yake

Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince, tun 1990, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 17 ya nemi a tsare yaro daga abin da zai cutar da shi a kafofin watsa labarai. Cika wannan alkawari ba aikin hukuma ba ne ita kaɗai.

Gidajen radiyo da telbijin suna iya ware waƙoƙin manya zuwa dare, su bar safiya da marece, lokacin da iyali ke zaune wuri ɗaya. Shugabannin lakol da na gidajen renon yara su saurari kowace waƙa kafin a sa ta a bukin ƙarshen shekara, don abin da aka yi rawa da shi gaban malami, yaro ya ɗauke shi halas. Masu buki su faɗa ma mai sa kiɗa abin da zai sa da rana, sa'ad da yara suka cika fili. Mawaƙan da ke cin abinci da waƙar manya suna iya fitar da ita iri biyu, ɗaya ta dare, ɗaya wadda aka tsabtace, kamar yadda ake yi a ƙasashe da dama. Iyaye kuma su san abin da ke cikin salular da suke miƙawa, su daina mai da ɗiyansu abin kallo. In yaro ya zo da kalmar da ba ta dace ba, tambaya da bayani sun fi mari, don mari yana koya masa ɓoyewa ne kawai.

Sai dai hani shi kaɗai ba ya cika ciki. Yaro mai son kiɗa ne, in an karɓe masa wannan dole a ba shi wani. Ƙasar da ta shirya bukin matasa na ƙasa tun 1976 a Damagaram, ta kuma kafa gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, ba za ta rasa yadda za ta ware lada ga mafi kyawun waƙar yara ba. Yanzu da kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, lokaci ya yi da za a tattara waƙoƙin gaɗa da na tashe da na reno daga bakin tsofaffi, a ɗauke su da kayan kiɗa na zamani, a kai su lakol da radiyo, a kuma zuba su cikin salular nan da yara ke riƙe da ita.

Amsar tambayar farko dai a fili take: waƙar da aka yi domin baligai ba ta dace da ƙaramin yaro ba, ko da ta halatta ga masu ita. Da can unguwa ce ke tsaron ƙofa. Yau ƙofar ta koma cikin aljihun uba da jakar uwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.